Nazari: Manhajar auna tudu da gangare, da makomar gidajen bakin titi a yankin Garo

A garuruwa da dama da sabon titi ya ratsa a arewacin Najeriya, akwai abin da mazauna bakin hanya kan lura da shi bayan an kwashe motocin aiki: titin ya fi ƙofar gidajensu tudu.

Da rani babu mai damuwa, kowa na yabon santsin kwalta. Amma da zarar ruwan watan Agusta ya sauka, ruwan da a da yake bazuwa a fili ƙasa ta shanye shi, sai ya taru a gefen titin yana neman wuri mafi kwari. Sau da yawa wurin nan zauren wani ne, ko shagon wani, ko gindin katangar ƙasa da ba ta jure jiƙa.

Ruwan sama na Allah ne, babu musu. Sai dai hanyar da zai bi bayan ya sauka, mutum ne yake shata ta, a ranar da aka yanke shawarar tsayin titi, da zurfin lambatu, da inda za a kafa kwalbati. A yau galibin wannan shawara a cikin kwamfuta ake yanke ta, da wasu manhajoji da injiniyoyi ke amfani da su wajen tsara yadda za a yanke tudu, a cike kwari, a karkata ƙasa ta yadda ruwa zai wuce.

Maganar ta shafi mutanen Garo da ke ƙaramar hukumar Kabo kai tsaye. Garin yana kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, wadda ta zarce Dayi a jihar Katsina, kuma ita ce hanyar da gwamnatin tarayya ta bayar da aikin mayar da ita tagwaye a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Ga kuma titunan kilomita biyar-biyar na hedikwatocin ƙananan hukumomi da aka faro a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015, waɗanda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sake waiwaya. Ga hanyoyin karkara na shirin RAAMP da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda Kano na cikin jihohin da ke cikinsa.

Duk waɗannan ayyuka suna motsa ƙasa, kuma duk inda aka motsa ƙasa an sauya wa ruwa hanya.

Santimita kaɗan ne ke raba tsira da asara

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka titi shimfiɗe yake lebur. Ba haka ba ne. Tsakiyarsa ta fi gefensa tudu kaɗan domin ruwa ya zube. A yawancin titunan kwalta, karkatar ba ta wuce kashi 2.5 cikin 100 ba. A hannu ɗaya na titi mai faɗin mita 3.65, bambancin tsakiya da gefe santimita 9 ne kacal, bai kai tsawon wayar hannu ba.

Haka lambatu. Idan aka ba shi gangaren rabin kashi ɗaya cikin 100, zai sauka da santimita 50 ke nan a kowace mita 100. Ido ba ya ganin wannan gangare, ruwa kuwa yana gane shi. Idan aka yi kuskure ya zama lebur, ruwa zai kwanta, yashi da leda su taru, sauro ya samu gida. Idan kuma gangaren ya yi yawa a ƙasar da ba a daɓe da siminti ba, ruwa zai yi gudu ya fara cin ƙasa, shekara biyu ko uku a wayi gari da kwazazzabo.

Yawan ruwan da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. Ruwan sama mai auna milimita 50, wanda kan iya sauka a dare ɗaya a tsakiyar damina, idan ya zuba a kan fili mai faɗin hekta ɗaya, ya kai lita 500,000. Jarka 20,000 ke nan irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. A gona, ƙasa za ta sha wani kaso. A kan kwalta da rufin kwano kuwa, kusan dukkansa gangarawa zai yi.

Ke nan aikin injiniya shi ne ya san inda wannan ruwa zai fito, da yawansa, da inda zai ƙare, tun kafin katafila ta taɓa ƙasa.

Yadda manhajar take aiki

A da, safiyo kan yi makonni yana bin layin hanya da na'urar auna lebur da sandar awo, yana rubuta lambobi a littafi. Daga nan a koma ofis a zana kowane yanki na hanyar da fensir, a yi lissafin ƙasar da za a yanke da wadda za a cike da hannu. Idan aka sauya tsayin titin a wuri ɗaya, sai an sake lissafin daga farko. Wannan ya sa ba a cika gwada zaɓi fiye da ɗaya ko biyu ba.

Yanzu matakin farko shi ne tattara ɗigo-ɗigo na awo, kowanne da matsayinsa da tsayinsa. Ana samun su da na'urar safiyo ta zamani, ko na'urar GPS ta musamman da ke auna wuri daidai har zuwa santimita biyu ko uku, ko kuma jirgi maras matuƙi da ke ɗaukar ɗaruruwan hotuna daga sama.

Manhajar sai ta haɗa ɗigon nan uku-uku, kamar ana saƙa raga, har ta fitar da siffar ƙasar a allon kwamfuta: ga tudu, ga kwari, ga rafi. A kan wannan siffa injiniya zai ɗora layin titin, ya zaɓi tsayinsa a kowane wuri, ya saka faɗinsa da kafaɗunsa da magudanansa.

Daga nan manhajar za ta kwatanta ƙasar yadda take da yadda ake so ta koma, ta faɗi adadin da za a yanke da adadin da za a cike. Za ta nuna ko ƙasar da aka yanko daga wani tudu za ta isa cike kwarin da ke gabansa, ko sai an haƙo ciko daga wani wuri. A wasu manhajojin, injiniya na iya taɓa kowane wuri a taswirar, a zana masa hanyar da ɗigon ruwa zai bi daga nan har inda zai tsaya. Idan bai gamsu ba, ya rage tsayin titin da santimita 30, cikin mintuna lissafin ya sake fitowa.

Manhajar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Civil 3D ta kamfanin Autodesk na Amurka. Akwai OpenRoads ta kamfanin Bentley, da 12d Model ta Ostareliya, da Trimble Business Center da safiyoyi ke yawan amfani da ita. Akwai kuma na kyauta: QGIS ta aikin taswira, da HEC-RAS wadda sashen injiniyoyi na rundunar sojin Amurka ya samar domin hasashen yadda ruwa zai malala a rafi ko a gari.

A 'yan shekarun nan an ƙara wani mataki. Injiniya zai gindaya sharuɗɗa, misali kada gangare ya wuce kaza, kada a taɓa wannan yanki, ruwa ya fita ta can, sai manhajar ta yi ta gwaji da kanta har ta samo tsarin da ya fi rage kwasar ƙasa. A manyan ayyuka ma ana loda zanen cikin gireda mai ɗauke da GPS, bakinta ya riƙa hawa da sauka da kansa daidai da abin da aka zana.

Me ya bambanta ƙasar yammacin Kano?

Ƙasar Kabo da Gwarzo da Ƙaraye ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta gabashin Kano da Jigawa. Ta fi birnin Kano tudu, tana hawa tana sauka, da duwatsu jefi-jefi da ƙananan rafuka da ke gangarawa zuwa manyan koguna irin su Chalawa. Wannan yanayi ne ya sa aka samu wuraren datse ruwa da yawa a yankin, kamar madatsun Guzu-Guzu da Magaga da Pada da Marashi, da kuma babbar madatsar Chalawa da ke Ƙaraye wadda aka kammala a 1992.

Titin da ya ratsa irin wannan ƙasa dole ya tsallake hanyoyin ruwa masu yawa. Galibinsu a bushe suke fiye da rabin shekara. Wanda ya zo awo a watan Fabrairu zai ga yashi ne kawai da sawun shanu, alhali a watan Agusta wurin na iya cin mutum.

A nan ne haɗarin yake. Titin da aka ɗaga a kan ciko tamkar ƙaramar madatsa ce da aka miƙar tsawon kilomitoci. Idan kwalbatin da ke ƙarƙashinsa ya yi ƙanƙanta, ko an kafa shi a inda ba nan ne ainihin kwarin ba, ruwa zai taru a ɓangaren tudu ya shanye gonaki da gidaje. Idan ya yi ƙarfi kuma ya ɓalle titin, ya afka wa na ƙasa a lokaci guda.

Najeriya ta ga abin da ruwan da aka tare kan yi idan ya ƙwace. Mutanen Kano ba su manta ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliya ta kashe fiye da mutum 150 a Mokwa ta jihar Neja, inda rahotanni suka alaƙanta munin abin da ruwan da ya taru a bayan cikon layin dogo kafin ya fasa.

Ba a ce kowane kwalbati zai jawo irin wannan bala'i ba. Amma ƙa'idar ɗaya ce, girman ne ya bambanta. Manhaja na iya lissafa faɗin ƙasar da ke turo ruwa zuwa kowane kwari da titi zai tsallake, daga nan a san girman kwalbatin da ya dace. Aikin da a da kan ci kwanaki, yanzu bai wuce na yini guda ba.

Inda kuɗi ke zirarewa

Akwai dalili na biyu da ya sa batun ya wuce na injiniyoyi kaɗai. Aikin ƙasa na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a kwangilar hanya, kuma shi ne ya fi wuyar tantancewa bayan an gama. Kowa na iya auna tsawon titi da faɗinsa. Amma da zarar an malala kwalta, wa zai iya cewa ga adadin marmarar da ke ƙarƙashi?

Ana biyan wannan aiki ne da ma'aunin kubik mita, wato ƙasar da za ta cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗai-ɗai ne. A ɗauki titi mai faɗin mita 20 a misali. Idan aka yi kuskuren santimita 10 kawai wajen auna tsayin ƙasar asali, a kilomita ɗaya an samu bambancin kubik mita 2,000. Sawu 200 ke nan na tifa mai ɗaukar kubik mita 10. A hanya mai kilomita 50, kuskuren ya zama sawu 10,000.

Kuskuren na iya zama na gaskiya, yana kuma iya zama na ganganci. Idan takarda ta nuna ƙasa ta fi yadda take kwari, za a biya kuɗin cikon da ba a zuba ba. Idan kuma an raina aikin tun farko, ɗan kwangila zai dawo neman ƙarin kuɗi, ko ya rage ingancin aikin, ko ya kwashe kayansa ya bar mutane da ƙura da ramuka.

Amfanin manhaja a nan shi ne tana barin shaida. Idan an ajiye awon ƙasa na kafin a fara aiki, aka sake awo bayan an gama ciko kafin a zuba kwalta, duk wani injiniya mai zaman kansa zai iya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya fitar da adadin da aka zuba. Mai binciken kuɗi ba sai ya dogara da maganar kowa ba. Amma sai in hukumar da ta bayar da aikin ta nemi waɗannan bayanai, ta kuma adana su, maimakon ta karɓi zanen takarda kawai ta jefa a kabad.

Abin da manhaja ba za ta iya ba

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka sayen manhaja ya magance matsala. Abin da aka ba ta shi take sarrafawa. Idan awon ƙarya ne, za ta fitar da zane mai kyan gani, mai launi-launi, amma na ƙarya.

Babbar jarabawar ita ce bayanan kyauta da ke intanet. Akwai taswirar tsayin ƙasa ta kusan duk duniya da hukumar NASA ta tattara a watan Fabrairun 2000 da kumbon Endeavour, akwai kuma ta shirin Copernicus na Tarayyar Turai. Dukkansu suna ba da awo ɗaya ne a kowace mita 30, kuma kuskurensu a tsayi kan kai mitoci. Suna da amfani wajen gano inda manyan rafuka suka nufa, da zaɓen layin da hanya za ta bi a matakin farko. Amma wanda ya zauna a ofis a Kano ko Abuja ya tsara lambatun cikin Garo da su, alhali santimita 20 na iya juya ruwa zuwa wata unguwa, caca ya yi da gidajen mutane. GPS na wayar hannu ma haka yake, kuskurensa na mitoci ne.

Jirgi maras matuƙi ya fi su nesa ba kusa ba, amma shi ma yana da sharaɗi. Hoto abin da ke sama yake gani. Idan aka tashe shi a watan Satumba, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo, kan dawar zai auna a matsayin ƙasa. Lokacin da ya dace a wannan yanki shi ne bayan an yi girbi an kwashe kara. Kuma dole a kafa alamomi a ƙasa a auna su da na'ura mai inganci domin a daidaita hotunan. Ga batun izini daga hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika magana a kai ba. Tsofaffin taswirorin Najeriya an yi su ne bisa ma'aunin da aka kafa tushensa a Minna, alhali GPS na aiki da ma'aunin duniya. Idan aka gauraya biyun ba tare da an daidaita ba, wuri kan goce da mitoci masu yawa. Haka idan masu aikin titi da masu aikin magudanar ruwa kowa ya ɗauki tushen awonsa daban, sai a wayi gari bakin lambatu ya fi ƙasan kwalbatin da zai zuba a ciki kwari.

Sannan manhaja ba ta san tarihi ba. Ba ta san cewa wancan filin da aka yanka fuloti kududdufi ne a da, wanda ke karɓar ruwan unguwa guda. Ba ta san inda ruwa ya kai a shekarar da aka yi babbar ambaliya ba. Ba ta san maƙabarta ko burtali ba sai an gaya mata. Mai unguwa da dattawan gari da manoman bakin rafi su ne ke riƙe da wannan ilimi. Birnin Kano ya ɗanɗana sakamakon cike kududdufai da gini a kan hanyoyin ruwa, kamar yadda aka gani a ambaliyar kasuwar Kantin Kwari a 2022. Garuruwan da yanzu suke faɗaɗa suna da damar kauce wa wannan.

Abu na ƙarshe, zane daban, aiki daban. Ƙa'ida ita ce a zuba ciko kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, rola ta daddanne, a gwada ƙarfinsa kafin a ƙara wani. Idan aka jibge shi a lokaci guda, titin zai lotsa bayan damina ɗaya ko biyu, komai kyan zanen da ke cikin kwamfuta. Wannan aikin mai sa ido ne, kuma babu manhajar da za ta maye gurbin amanarsa.

Tsada da ƙarancin ƙwararru

Lasisin Civil 3D na mutum ɗaya ya haura dala 2,000 a shekara, kuma Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin tun 2016, sai dai haya. Bayan faɗuwar darajar naira daga 2023, lokacin da dala ta kai naira 1,500, kuɗin ya zama sama da naira miliyan uku. Ya fi albashin wata 40 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga kwamfuta mai ƙarfi, ga wutar da za ta riƙe ta.

Manyan kamfanonin gine-gine ba sa jin wannan. Amma sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da ƙananan 'yan kwangila, waɗanda su ne ke yin lambatu da kwalbatocin cikin gari, abin ya fi ƙarfinsu. Sakamakon haka wasu kan koma ga manhajar sata, wasu kuma su yi aikin da ido da igiya.

Akwai mafita ko da ba cikakkiya ba ce. QGIS da HEC-RAS kyauta ne, kuma sun isa a gano hanyoyin ruwa da wuraren da ke cikin haɗari a gari kamar Garo, muddin an samu awo mai kyau. OpenDroneMap ma kyauta ce, tana mayar da hotunan jirgi maras matuƙi su zama taswirar tsayi. Autodesk kuma na bai wa ɗalibai da malamai lasisin koyo ba tare da biya ba.

Yankin bai rasa inda za a koyar ba. Makarantar nazarin muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana Gwarzo. Gwamnatin tarayya ta kafa babbar makarantar kimiyya da fasaha a Kabo, mahaifar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin. Ga Jami'ar Bayero a bakin wannan hanya ta Gwarzo, ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil. Da za a mayar da aikin kammala karatun ɗalibai ya zama auna garuruwan da ke kewaye da su, unguwa bayan unguwa, cikin 'yan shekaru ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo za su mallaki taswirar tsayin ƙasarsu, ɗaliban kuma su fita da sana'ar da ake nema.

Sai dai a kiyaye: iya danna manhaja bai mayar da mutum injiniya ba. Doka ta ɗora alhakin zane a kan injiniya mai rajista da hukumar COREN, awo kuma a kan safiyo mai rajista da SURCON. Idan abu ya lalace, sa hannunsu za a nema.

Har a gona

Fasahar ba ta tsaya a titi ba. Manomin rani a bakin Guzu-Guzu ko Watari ya san wahalar gonar da ba ta daidaita ba: gefe ɗaya ruwa ya kwanta shuka ta ruɓe, ɗaya gefen bai samu ba, shi kuma yana ta ƙona fetur a injin ban-ruwa. A Indiya da Pakistan, daidaita gona da tarakta mai bin hasken leza ya yaɗu sosai, kuma bincike a can ya nuna yana rage ruwan da ake sha da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Manhaja na taimakawa a san inda za a ɗebe da inda za a zuba ba tare da an kankare ƙasar sama mai taki an bar manomi da tsandauri ba.

Haka ramukan da ake haƙar ciko. An saba barinsu da baki a tsaye kamar rijiya, su cika da ruwa, kuma hukumar kashe gobara ta jihar Kano ta sha sanar da tsamo gawar yara daga kududdufai da damina. Idan tun a zane aka tsara ramin da gangare mai sauƙi, nesa da gidaje, zai iya zama mashayar dabbobi maimakon tarko.

Tambayoyin da ya kamata jama'a su yi

Ba sai mutum ya iya kwamfuta ba kafin ya kare gidansa. Idan aka zo da aikin titi ko magudanar ruwa, hakimi da dagaci da kansila da ƙungiyoyin ci gaban gari suna da hurumin yin tambayoyi tun kafin a fara.

Yaushe aka auna ƙasar nan, kuma an zo wurin ne ko daga ofis aka yi? Idan an gama, titin zai fi dokin ƙofar gidajen bakin hanya tudu da santimita nawa? Wannan ana iya shata shi da fenti a jikin bango ko turken wuta, kowa ya gani da idonsa. Ruwan lambatun a ina zai ƙare, a rafi ko a gonar wani? Kwalbati nawa ne, kuma sun dace da hanyoyin ruwan da mutanen gari suka sani? Daga ina za a haƙo ciko, kuma yaya za a bar ramin?

Doka na bayan masu tambaya. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a duba illar manyan ayyuka kafin a fara su, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta bai wa ɗan ƙasa damar neman takardu daga ma'aikatun gwamnatin tarayya.

Injiniyan da ya yi aikinsa yadda ya kamata ba zai sha wuyar amsa waɗannan tambayoyi ba, domin amsoshin suna cikin kwamfutarsa. Zai iya juyo da allon ya nuna wa mai gida inda ruwan ƙofarsa zai bi. Idan mai gidan ya ce a'a, ba nan ruwa ke bi ba, ga inda ya saba bi tun zamanin kakanni, gyaran a wannan lokaci na mintuna ne kuma ba ya cin ko sisi. Bayan an zuba kwalta kuwa, sai an fasa titi, ko kuma mai gidan ya ci gaba da tare ƙofarsa da buhunan yashi duk shekara.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. A aikin hanya ma zanen ne ke riga ginin, kuma a lokacin ne mutanen Garo da maƙwabtansu ya kamata su nemi a nuna musu shi.